Ranar da Muka Shigar da Inna Soro

Na ga abin mamaki iri-iri a duniya, amma ban taɓa ganin wanda ya sandarar da ni a tsaye ba kamar abin da ya faru ranar walimar soron Inna. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, yanzu har in shiga ɗaki in rasa abin da ya kai ni. Wannan rana kuwa tana nan daram a kaina, in na tuna ta har tsigar jikina tashi take yi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, bisa jigawa. Ƙasarmu rairayi ce zalla. Gero da wake suna sonta, amma ko ka haƙa tsawon mutum ba za ka sami abin da za ka dunƙula ya tsaya ba. Don haka kowa ɗakin kara gare shi, a ɗora jinka, a kewaye gida da zana, shi ke nan. Mai gari ma a irinsa yake kwana. Ginin ƙasa sai in ka shiga Gumel, mu ƙauyawa kuwa in mun shiga, baki buɗe muke kallon soraye, har 'yan birni su gane mu tun daga nesa.

Lokacin da nake magana, 'yan shekaru ne bayan babbar yunwar da ta tafi da mahaifinmu. Gidan ya rage daga Inna, sai Yaya da iyalinsa, sai ni da nawa. Yaya ne ɗan fari, ni ne auta, 'yan'uwanmu mata duk suna gidajen aurensu. Yaya falke ne. Yana ɗauko kanwa daga kasuwar Maigatari ya kai kudu, ya komo da goro da tufafi, da aka fara sayen gyaɗa a Kano kuma ya shiga wannan ma. Duk gari Madugu ake ce masa, ko da yake ayarin nasa 'yan jakai ne, daga shi sai ni.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma Inna ta kai ta inda ban ga wata mace ta kai ba. Tun da aka yaye Yaya aka miƙa shi ɗakin kakarmu, can ya girma. Inna ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki. Kullum safiya zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, mutum da gemunsa, da 'ya'yansa har sun tasa, ita kuma sai ta juya wajen duk wanda ke kusa ta ce, "A ce masa lafiya lau." In babu kowa, kajinta take gaya wa. Sunansa kuwa kada ma a yi zancensa. Sunan kakanmu aka sa masa, uban mahaifinmu, saboda haka babu mai faɗarsa a gidan. Mahaifinmu bai faɗa ba har ya rasu, matar Yaya ba ta faɗa, mu ƙanne ba ma faɗa. Ni kaina sai da na yi wayo sosai na san sunan, shi ma a bakin liman na tsince shi ranar ɗaurin aurensa.

Ni kuwa ɗan ɗakinta ne. Da aurena da komai, in ta dama fura sai ta ɓoye mini tawa a ƙarƙashin gado, in na yi tari sai ta aiko a ji lafiya. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin, har ina ɗan hura hanci da shi.

Akwai abin da ke cin Yaya a rai, na kuwa sani. Duk tafiya sai ya yo mata tsaraba, zane ne, goro ne, turare ne, takalmi ne. Ni nake kai mata. Za ta karɓa ba ta ko duba ba, kafin rana ta faɗi zanen yana jikin matata, goron ya zagaye unguwa. A wurinta, uwa ta riƙe abin ɗan fari rashin ta-ido ne. Yaya yana gani, in ya hango zanen a jikin wata sai ya kau da kai.

Wani rani gobara ta tashi a unguwar yamma ta lashe gidaje, wata tsohuwa da ƙyar aka jawo ta waje. Ba a daɗe ba, muna ɗaure wa jakai kaya, Yaya ya ce, bai ko dube ni ba, "Soro zan gina wa Inna."

Na saki igiyar da ke hannuna. Na ce, "Soro? A nan? Yaya, da wace ƙasar?"

"Da wadda za mu ɗebo."

"Mai gari ma fa ba shi da soro."

"Mai gari ba shi ya haife ni ba." Ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya ce, "Wuta ba ta cin soro. Kuma wannan dai Inna ba ta iya kyautar da shi ga matarka."

Nan na gane inda ya dosa. Batun gobara gaskiya ne, amma abin da yake so shi ne, ko sau ɗaya a rayuwarsa, wani abu da ya fito daga hannunsa ya zauna a wurin uwarsa, kowa ya gani.

Da labari ya bazu gari ya ɗauka. Wasu suka ce ribar gyaɗa ce ta hau masa kai, wasu suka ce iska ce ta shafe shi a hanyar Kano. Yaya ya je ya durƙusa gaban mai gari ya nemi izini, ya ce ba don kansa ba ne, don tsohuwa ne. Mai gari ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce tun da na uwa ne, babu mai hana ɗa.

Rani biyu muka yi muna abu ɗaya. Ƙasar gini tana wata fadama mai nisa, in ka fita da sanyin safiya sai azahar ka dawo, kuma abin da jaki ke ɗaukowa in ka juye shi sai ka ji kamar ka yi kuka don ƙanƙantarsa. Ruwan kwaɓi wani tashin hankali ne, don rijiyarmu zurfi gare ta, igiyar guga kaɗai kayan mutum ce. Matanmu suka ja ruwa har tafin hannunsu ya yi kanta, matata ta daina yi mini magana sai da dalili. Azarar rufi daga wajen Gagarawa aka kawo ta bisa raƙuma, yara suka bi su da ihu har ƙofar gida. Magini kuwa daga Gumel Yaya ya ɗauko shi, wani dogo mai ji da kansa, wanda ba ya cin tuwo sai da man shanu, kuma duk tubalin da muka dunƙula sai ya juya shi ya ce na ƙauye ne. Na yi gunaguni a shekarun nan wanda ya ishi mutum goma. Yaya bai taɓa tanka mini ba, shi ne farkon fita, shi ne ƙarshen dawowa.

Inna fa? Tun ranar da aka ja layin tushe a gefen ɗakinta ta kira ni ta ce, "Auta, ka ce wa yayanka ɗakina ba ya yoyo."

Na kai saƙo. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Kunya ce."

Da bango ya kai kafaɗa ta sake kirana. "Ka ce masa ya zuba gero a ciki, rumbunmu ya tsufa."

Na kai. Ya ce, "Kara ce take yi mini." Matan gida suka ce haka ne, tsofaffin unguwa suka ce haka ne, ni ma na ce haka ne. To me za mu ce? A wurinmu in aka yi maka alheri, "a bar shi" shi ne farkon godiya. Baƙo yakan ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka, a matsa masa ya ci. Macen da ko goron ɗanta ba ta riƙewa, wa zai sa ran ta ce tana son soro? Da ta ce tana so ma, da sai mu ce tsohuwa ta ruɗe. Ita ba ta da hanyar gaya masa da bakinta, shi ba shi da hanyar tambayarta, duk abin da ya ratsa tsakaninsu ta bakina yake bi, in ya isa kuma a fassara shi da kunya.

Ranar da aka fara rufi na lura da wani abu. Magini yana bisa bango, ina miƙa masa azara yana jerawa, itace kusa da itace, sannan aka shimfiɗa zana a kai, aka fara miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ana zubawa. Duk gari ya zo kallo, don yawancinsu ba su taɓa ganin yadda ake rufa soro ba. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ta ɗaga kai ta duba, ta daɗe tana dubawa, sai ta tattara audugarta da tabarmarta ta koma bayan ɗaki. Daga ranar ba ta sake zama ta wannan gefen ba, ko kewayawa za ta yi sai ta zagaya ta wajen turken awaki. Cin abincinta ya ragu. Muka ce zafin bazara ne, aka jiƙa mata tsamiya.

Aka gama rufi, aka kafa indararo, aka shafe bango da makuba har yana ƙyalli. Matan unguwa suka zo daɓe, suka wuni suna buga ƙasa suna waƙa, suna zolayar matata cewa ita ce za ta gaji ɗakin. Yaya ya sa aka kawo sabon gado da sabuwar tabarma da tulu. Sannan ya sa ranar walima, ya aika da goro ƙauyukan da ke kewaye, har da dangin Inna na hayin iyaka.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar nan a garinmu ba. An yanka rago da bunsuru. Tun da hantsi tukwanen tuwo suke kan wuta, Fulanin da ke mashekari kusa da mu suka kawo nono ƙwarya-ƙwarya, masu kalangu suka zo ba a gayyace su ba, maroƙi ya tsaya yana wasa Yaya, yana cewa Madugu ya kawo birni ƙauye. Maza suka zauna a ƙofar gida ƙarƙashin gawo, mai gari da liman a tsakiya, magini a gefensu ya sha rawani kamar shi ne mai gidan. Mata suka cika tsakar gida. Yaya ya sa farar riga, yana kai yana kawowa, fuskarsa kamar ta ango. Liman ya yi addu'a, aka shafa, sannan aka ce a shigar da mai ɗaki.

Maza ba sa shiga cikin mata, amma ni auta ne, kuma kowa ya san Inna ba ta tafiya cikin taro sai da hannuna. Na same ta zaune a bakin gadonta, an sa ta ta ɗaura sabon zane. Na kama hannunta, na ji shi sanyi ƙalau, a tsakiyar bazara.

Ta ce a hankali, "Auta, dole ne?"

Na yi dariya. Na ce, "Haba Inna, gari guda ke jiranki. Ki daure ki bar kunyar nan yau kaɗai."

Ta miƙe, muka fito, mata suka ɗauki guɗa, masu kalangu daga waje suka ƙara wuta. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da muka daɗe, don ƙafarta jan ta take yi. Wata tsohuwa ƙawarta tana ta tsokanarta, wai amarya ta ƙi shiga ɗaki sai an sayi bakinta. Muka sunkuya muka shiga.

Ciki duhu ne da sanyi, ga ƙanshin ɗanyar ƙasa. Mata suka yi cincirindo a bakin ƙofa kowa na son leƙe, suka tare ɗan hasken da ke shigowa. Na ce, "Inna, kin ga gadonki can." Ba ta dubi gadon ba. Sama ta duba, inda azara ke jere. Na ji hannunta ya ƙanƙame nawa, sannan ta sake shi gaba ɗaya.

Sai ta ƙwala kira. Sunan Yaya ta kira, sunansa na yanka, da wata irin murya da ban san tana da ita ba.

Wallahi na ɗauka kunnena ne. Na tsaya baki sake ina kallonta. Guɗar da wata mata ta ɗauko ta katse a tsakiya. Matan da ke bakin ƙofa suka dafe baki, wata ta ce, "Innalillahi!" Matar Yaya, wadda ta haifa masa 'ya'ya ba ta taɓa furta sunan ba, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Shirun ya bi tsakar gida ya fita waje, kalangu ya mutu, maroƙi ya haɗiye sauran kirarinsa.

Ta sake kira, ya fi na farko ƙarfi.

Waɗanda ke waje suka ba ni labarin abin da ya faru can. Yaya yana durƙushe gaban mai gari da ƙwaryar goro a hannu. Da kiran farko ya zo bai motsa ba, har ya waiwaya yana duba wa ake nema, don rabonsa da jin sunan nan a bakin mutum ya manta. Tsofaffin da suka san kakanmu kuwa suka firgita, ɗaya har ya miƙe, wai ya ji ana kiran mamaci. Da na biyu ya zo, liman ya taɓa shi ya ce, "Madugu, kai ake kira. Mahaifiyarka ce." Yaya ya dubi liman kamar bai ji Hausa ba. Da na uku ya zo sai ya saki ƙwaryar, goro ya watse cikin rairayi, ya zabura a guje.

Ni dai abin da na gani, mata sun dare biyu, Yaya ya faɗo ɗakin babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsaya turus a gabanta, don bai san yadda ake yi ba, bai taɓa tsayawa kusa da ita haka ba. Ita ce ta miƙa hannu ta damƙi wuyan rigarsa. Ta dube shi ido cikin ido, a gaban surukanta da jikokinta da matan gari, ta ce, "Fitar da ni."

Ya sunkuce ta kamar yarinya ya fito da ita. Ina biye da su. Ya kai ta inuwar ɗakinta na kara ya zaunar, ya durƙusa, har lokacin ba ta saki rigarsa ba. Aka kawo ruwa ta ƙi sha. Numfashinta ya daɗe kafin ya daidaita, sannan ta yi magana, kuma da shi take yi, ba ta nemi a ce masa ba.

Ta ce, "Haka aka jera wa ubanka. Itace kusa da itace, aka sa zana, aka zuba ƙasa. Kai ba ka nan, ka tafi neman hatsi. Ina leƙe ta jikin danga har suka gama." Ta haɗiyi yawu. "Na san alheri ka nufa. Amma kada ka rufe ni da raina, ɗana. Ka bari sai na mutu."

Shekarar yunwa babu mai ƙarfin ɗaukar gawa zuwa maƙabarta, a bayan gida muka binne mahaifinmu, kuma ni na jera masa itacen da hannuna. Ni ɗin ne dai na tsaya ina miƙa wa magini azara ina raha da masu kallo. Abu ɗaya na yi sau biyu, ban ga kamarsu ba sai da ta faɗa. Na waiwaya na dubi soron, da ƙyallinsa da indararonsa, sai na ji ni ma ba na son shiga.

Yaya bai ce komai ba sai, "To, Inna. To." Yana ta maimaitawa, kansa a ƙasa.

Taro ya rikice. Wasu tsofaffin mata suka koma gefe suna salati, suna cewa tun da suke ba su taɓa ganin uwa ta kira ɗan fari da suna a bainar jama'a ba, har ta ce masa ɗana, lalle duniya ta zo ƙarshe. Wasu suna share hawaye da bakin zane. Dangin Inna na hayi suka rasa inda za su sa fuskarsu. Magini da labari ya kai masa ya tashi yana huci, ya ce ya yi wa manya gini a Gumel babu wanda ya taɓa kiran aikinsa kabari, sai yau a ƙauyen da ko tubali ba a iya ba. Mai gari ne ya ba shi haƙuri. Liman ya ce abinci dai sadaka ne, a ci. Aka ci, amma ban taɓa ganin an ci naman rago shiru haka ba. Kafin la'asar kowa ya sulale, masu kalangu ma suka tafi ba sallama.

Zan faɗi abin da ke raina a lokacin, ko da ba shi da daɗin ji. Bayan firgita, haushi ne ya kama ni, kuma ba haushin wahalar rani biyu kaɗai ba. Ina tsaye a gefenta, hannuna a cikin nata, ni da take kira ko allura ce ta faɗi. Da tsoro na gaske ya zo mata, sai ta saki hannuna ta tsallake ni, ta kira wanda ba ta taɓa kallo ba. Duk shekarun nan ina ɗauka ni ne a gaba a zuciyarta. Ranar ko loma ɗaya ban ci ba.

Inna ba ta sake taka soron ba har ta koma ga Allah, shekaru bayan haka, a ɗakinta na kara. Gari kuwa ya daɗe yana zancen, wasu na tausayin Yaya, wasu na yi masa dariya a bayan ido. Amma abin da ya fi tsaya mini ya faru ne da yammacin ranar.

Da rana ta yi sanyi na tuna ban ga Yaya ba tun da aka watse. Na ce mutumin nan yau an karya shi, a gaban mai gari da baƙi an mayar masa da kyautarsa, wadda ya zuba ƙarfinsa da dukiyarsa a kai. Na haɗiye nawa haushin na tafi nemansa, ina shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Na same shi a bayan gida wajen turken jakai, zaune bisa wani mangala, har lokacin babu hula, wuyan rigarsa a yamutse inda ta damƙa.

Na durƙusa na ce, "Yaya, sai haƙuri. Tsufa ne. In an kwana biyu wataƙila ta sauko."

Ya ce, "Ba za ta shiga ba. Kada wanda ya sake yi mata zancen."

Na ɗaga kai na dube shi, sai na ga abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Idanunsa sun yi ja, amma fuskar ba ta wanda aka karya ba ce. Yana wasa da bakin igiya ya ce, "Auta, ka ji ta kuwa?"

"Na ji. Duk gari ya ji."

"Ashe tana riƙe da sunan." Ya girgiza kai. "Ni na ɗauka tun ranar suna ta ajiye shi."

Ya matso kusa, ya rage murya kamar mai neman bashin sirri, ya ce, "Ina waje, ga hayaniya, ga ruɗewa, ban ji shi sosai ba. Kai kana gefenta. Ta yaya ta faɗe shi?"

Na ce, "Haba Yaya! Ni in faɗi sunanka?"

"Na yafe maka. Faɗi."

"Sunan kaka ne fa."

"Faɗi, Auta. Don Allah."

Tun da nake ban taɓa jin ya haɗa ni da Allah a kan wani abu ba. Na waiwaya na ga babu kowa sai jakai. Bakina ya yi nauyi, harshena ya ƙi juyawa, da ƙyar na fitar da sunan, ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye.

Ya saurara, sannan ya ce, "A'a, ba haka ta ce ba. Ta ja ƙarshensa."

Sai ya faɗa da kansa, a hankali, yana jan ƙarshen yadda ta ja. Ya sake faɗa. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Na tashi na kwance jakai na kora su rijiya, na bar shi a wurin.